Ranar da Nomau Ya Sa Zare da Bos na Ƙasar Sin

Ranar da ƙyallen majigin Tukur ya haɗiye mutum biyu Lahadi ce, da hantsi, kasuwa ba ta gama cika ba. Waɗanda ba su je wurin ba sun fi kowa iya ba da labarin, har da ƙarin gishiri, amma ga yadda abin ya faru.

Gidan kallon Tukur rumfar kwano ce a bayan layin mahauta. Ba ta da taga, sai benci goma sha biyu, da farin ƙyalle a bango, da wani janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ran nan fim ɗin mutanen Sin ya sa, irin wanda ake tashi sama da takobi ana faɗa a kan ganyen bishiya. A bencin gaba akwai Nomau, wanda ake wa laƙabi da Guduma, mahauci ɗan mahauci, ɗan damben da ya shekara goma sha ɗaya gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa a fage ba. Kusa da shi ga Baba Korau, makaɗinsa, wani siririn tsoho mai furfura, wanda ya yi wa mahaifin Nomau kiɗa kafin ya yi wa Nomau. Tun da uban ya rasu, shi ne uba. Shi ke yi masa faɗa, shi ke tofa masa addu'a a hannu kafin wasa, kuma shi kaɗai ne zai ce wa Nomau ya yi shiru ya yi. Abin takaici, ran nan bai ce masa ya yi shirun ba.

Bos ɗin fim ɗin wani dogo ne mai farar riga, hannayen rigar har ƙasa, farin gashi har gadon baya. Yana tsaye a kan iska ya watsar da mayaƙa arba'in da bugu ɗaya. Masu kallo suka ɗauki sowa, Nomau kuwa ya ja dogon tsaki.

"Wannan duk tsalle-tsalle ne," in ji shi. "Ku ba ni shi a fage, turmi ɗaya ya ishe ni. Na rantse sai ya ci ƙasa."

Sai Bos ya tsaya cak. Muryar mai fassara ta ɗauke. Bos ya juyo a hankali, ya dubi cikin rumfar, ya bi benci ɗaya bayan ɗaya da ido har ya sauka a kan Nomau, ya yi magana da Hausa tsantsa.

"Ya kai ma'abocin faffaɗan ƙirji da dogon harshe, ni ne Wei Lung, mai Dutsen Takubba Tara. Shekara dubu ba a kira ni fage na ƙi fita ba. Na ji kiranka, na kuma amsa."

Kafin kowa ya ce uffan, hannun farar rigar ya zuro daga cikin ƙyallen, ya nannaɗe Baba Korau tun daga ƙugu har wuya, ya fizge shi ciki. Takalminsa ɗaya kawai ya rage a ƙasa.

"Wannan tsoho zai zauna a wurina," in ji Wei Lung. "Ka hau dutsena ka karɓe shi da hannunka. Amma ka sani, ƙasarmu a buɗe take muddin wannan kallo yana tafiya. Idan rubutun ƙarshe ya hau sama ya ƙare, ƙofa ta rufe, tsohon ya zama namu har abada."

Rabin masu kallo suka yi waje ta ƙofa, wasu ta inda babu ƙofa. Nomau ya ji tsoro, kada kowa ya gaya maka bai ji ba. Amma kunya ta fi tsoron yawa, domin bakinsa ne ya jefa tsohon a wannan bala'i. Ya zaro ƙyallen naɗi da zare daga aljihu, ya naɗe hannun dama, yana jan zaren da haƙori.

"Tukur, saura nawa fim ɗin ya ƙare?"

"Awa ɗaya da kwata, Guduma," in ji Tukur daga ƙarƙashin tebur.

"To, in janaretan nan ya mutu, kai ma ka shirya."

Ya yi bisimilla, ya sa kai cikin ƙyallen. Wani sanyi ya ratsa shi har ɓargo, ya buɗe ido ya gan shi a tsakiyar dajin gora.

Gora ce dogaye, kore shar, sun yi sama har ba a ganin ƙarshensu. Hanya ɗaya ce siririya ta ratsa dajin, can gaba kuma ga dutsen, kansa a cikin gajimare. Bai yi taku ashirin ba sai wani farin zalɓe ya sauko ya tsaya a kan ganyen gora guda, ganyen bai ko lanƙwasa ba. Zalɓen ya girgiza ya zama mace, kyakkyawa, mai ido irin na tsuntsu, da takobi siriri a hannu.

"Tsaya, baƙo," in ji ta. "Ni ce Uwar Daji, mai tsaron hanya ta farko. Ba mai wucewa sai ya faɗi makarantar da ya koyi yaƙi, da sunan malaminsa, sannan ya gwada da ni. Shin kai almajirin salon damisa ne, ko na maciji, ko na guguwa?"

"Ranki ya daɗe, ni mahauci ne," in ji Nomau. "Makarantata bayan kwata, malamina ubana, Allah ya jiƙansa. Salo kuwa, hannu ɗaya ne, ga shi."

Ta dubi dunƙulallen hannun da mamaki. "Hannu ɗaya? Ɗayan kuma fa, ciwo yake yi?"

"Lafiyarsa ƙalau. Shi ne mai gadi."

"To hau nan sama mu gwada."

Nomau ya dubi ganyen, ya dubi cikinsa. "Ranki ya daɗe, ko da zan iya hawa, ba zan hau ba. A garinmu ba a sa zare da mace. In na ɗaga miki hannu, ba ni da fuskar komawa fage."

Ai kuwa ran aljana ya ɓaci. Shekara ɗari bakwai tana tsaron dajin nan, ba a taɓa yi mata wannan ba. Ta yi wata ƙara, ta faɗo masa da takobi. Nomau ya miƙa hannun hagu gaba, tafi a buɗe, ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da tafiya. Ta zo ta dama, ya ture bayan takobin da tafi. Ta zo ta hagu, ya kauce. Ta zo ta sama, ta yanke shi a kafaɗa. Gora suna ta zubewa ko ta ina, ganye na tashi, jini na bin hannunsa, shi dai tafiya kawai yake yi, hannun dama a maƙale a bayansa. Sara casa'in da tara ta kai masa, bai rama ko ɗaya ba. Tana ɗaga na ɗari, sai ga shi ya taka ƙafa a wajen dajin, inda ikonta ya ƙare.

Ta tsaya a kan gora ta ƙarshe tana haki. "Mayaƙa dubu sun zo nan, duk sun tsaya su nuna mini gwaninta, rana ta faɗi suna nunawa. Kai ne na farko da ya tuna abin da ya kawo shi. Tafi, mahauci. Amma ban yafe maka raini ba."

"Ba raini ba ne, ranki ya daɗe, tarbiyya ce," in ji Nomau, ya ƙara sauri.

Hanya ta kai shi bakin wani kogi, ruwansa baƙi ƙirin, faɗinsa ya yi tafiyar wuni. Ba gada, ba kwale-kwale. Yana tsaye yana tunanin dabara, sai rana ta yi wani irin ƙif-ƙif, duniya ta yi duhu, ta dawo, ta sake yin duhu. Duwatsu suka yi rawa, tsuntsun da ke sama ya tsaya cak da fikafikai a buɗe. Can nesa, bayan sama, Nomau ya ji tarin da ya sani.

"Tukur!" ya daka tsawa. "Zuba masa mai!"

Haske ya dawo, tsuntsun ya ci gaba da tafiyarsa. Ruwa ya tsage, wani dodo ya taso. Jikinsa na maciji ne, kaurinsa ya kai kuka, yana da ƙahon barewa da dogon gemu, idanunsa jajaye kamar garwashin tukubar mai tsire.

"Wane ne ke ihu a bakin kogina?" in ji dodon, muryarsa na girgiza yashi. "Ni ne Sarkin Baƙin Ruwa. Ni ke ƙetarar da masu hawa dutse, kuma kowa yakan bar mini abu guda, wato nauyin jikinsa. Ka ba ni nauyinka, ya ɗan Adam, ka zama sakayau, ka taka ruwa ka wuce, ka yi yawo a kan iska yadda jarumanmu ke yi."

Yanzu Nomau ya gane sirrin tsalle-tsallen da ya raina. Kuma gaskiya zuciyarsa ta raya masa ya karɓa, don wa zai ƙi tashi sama? Amma ya tuna kowane bugu da ya taɓa yi a fage daga dunduniya yake tasowa, ya bi ta ƙugu, kafin ya isa hannu.

"Allah ya ja zamanin sarki," in ji shi. "Nauyin nan shekara talatin ina tara shi da tuwo da romon ƙashi. Shi ne sana'ata. In na ba ka, da me zan karɓo tsohona?"

"To ka zauna nan har rubutu ya hau."

Dodon ya juya zai nutse. A wannan juyin ne idon mahauci ya ga abin da idon mayaƙi ba zai gani ba. Wanda ya yi shekaru yana fiɗa ya san yadda kowace gaɓa take lanƙwasa, wannan dodo kuwa yana juya wuyansa ne a karkace, yana kare gefen hagu.

"Sarki, dakata. Tun yaushe gaɓa ta bakwai daga ƙeyarka take damunka?"

Dodon ya tsaya. "Shekara ɗari uku. Wani jarumi ya soke ni, tsinin mashin ya karye a ciki. Bokayen ƙasar nan duk sun duba, sun ce yana kusa da laka, wanda ya taɓa shi zai kashe ni."

"Su ba su san nama ba. Kwanta."

Sarkin Baƙin Ruwa ya shimfiɗa wuya a kan yashi. Nomau ya hau, ya lalubi tsakanin ɓawon jikin da yatsun hagu, ya bi jijiya a hankali, ya kauce wa laka, ya ce wa dodon ya ja numfashi. Ya fizgo tsinin da ƙarfi ɗaya. Dodon ya yi wani gurnani, ya juya wuya dama da hagu, ya fashe da dariyar da ta sa kogin ya yi ambaliya.

"Hau bayana, mahauci, da nauyinka da komai!" Da Nomau ya zauna tsakanin ƙahonnin, dodon ya ɗan nutse, ya yi nishi. "Kai, lallai romon nan ya karɓe ka."

Cikin ƙiftawar ido suka ƙetare. Nomau ya yi godiya, ya kama matakalar dutse.

Matakala ce dubu goma, an sassaƙa ta a jikin dutsen, tana ratsa gajimare. Sauran mutane tsallake ta suke yi ɗari ɗari, Nomau kuwa sai da ya taka kowace ɗaya, yana gumi yana tsine wa wanda ya gina ta. Dama da hagu mutum-mutumin dutse ne jere, maza da mata, masu takobi, masu mashi, masu sanda. Duk tsayuwarsu iri ɗaya ce, kowanne ya sunkuya ya kai sara ƙasa, fuskarsa cike da murna. Abin ya ba shi mamaki, amma ba shi da lokacin tambaya.

A ƙololuwa ya tarar da wani fili shimfiɗaɗɗe, takubba tara manya a kafe kewaye da shi. A gefe ga wata ganga mai girman rumbu. A bakin kwazazzabo kuma ga kejin gora yana lilo a kan iska, Baba Korau a ciki, ya rungume gwiwa, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Baba! Lafiya kake?"

"Ina fa lafiya, ɗan nan? Ganye suka dafa suka ba ni, wai shayi, ko sukari babu. Kai kuma dubi jikinka, wa ya yanyanka ka haka?"

Nomau ya ji hawaye sun taho, ya maida su. Sai ga Wei Lung ya sauko daga gajimare, ya tsaya a kan ƙotar takobi ɗaya, farar rigarsa na kaɗawa.

"Ka iso, ya ma'abocin dogon harshe, kuma da nauyinka. Wannan ban taɓa gani ba. Zaɓi makami cikin taran nan, mu fara."

"Ranka ya daɗe, ni na kira ka fage, saboda haka da dokar fagenmu za a yi. Turmi uku ne, ana hutawa tsakani. Kuma ba na sa zare ba kiɗa. A fito mini da makaɗina."

Wei Lung ya yi murmushi. "Mutum zai mutu yana neman kiɗa. An ba ka."

Keji ya sauko ya buɗe. Baba Korau ya zagaya gangar nan sau biyu yana girgiza kai, ya ce wannan ba ganga ba ce, ɗaki ne. Ya tofa yawu a tafi, ya ɗauki sandunan da hannu biyu, ya gwada. Sautin ya fita har gajimare suka dare. Tsohon ya gyara tsayuwa, ya nemo taken Nomau a cikin wannan baƙuwar fata, ya same shi.

Turmin farko ba daɗin faɗa. Nomau ya kai bugu bakwai, duk iska ya samu. Wei Lung yana sama, yana baya, yana gefe, hannun rigarsa na tsula masa kamar bulala. Ya buge shi a ƙirji, Nomau ya yi baya taku biyar, ya yi tangal-tangal, amma bai faɗi ba. A turmi na biyu idonsa na hagu ya kumbura ya rufe, haƙori ɗaya ya tafi. Bos ya fara wasa da shi. Duk lokacin da Nomau ya miƙa hannun hagu gaba, yadda 'yan dambe ke yi, sai Wei Lung ya sauko ya tsaya a kan tafin da yatsan ƙafa ɗaya, ya yi masa gaisuwar izgili, sannan ya haure shi ya tashi. Sau uku yana yin haka.

Da aka tsaya hutu, Baba Korau ya share masa jini da gefen riga, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan nan, ka ga abin da na gani?"

"Na gani, Baba. Ya ɗauka hannun nan faranti ne."

"To ka tuna masa yatsu biyar ne a jiki."

Tsohon ya koma ga ganga, ya buɗe murya.

"Guduma na Korau, mai rushe katanga! Sa maza kwana zaune, jikan masu wuƙa! Ƙasa taka ce, sama ta Allah ce! Taso, rana ta yi!"

Tsigar jikin Nomau ta tashi. Ya shiga turmi na uku, ya kafa ƙafa, ya miƙa hagu, ya janye dama can baya, ya jira. Wei Lung ya zagaya shi sau tara yana dariya, ya sauko ya ɗora yatsan ƙafa a kan tafin. Nomau ya damƙe idon sawun. Mutum ne da ya saba riƙe bijimi ranar kasuwa, Bos kuwa ba shi da nauyin da ya kai na zakara. Ya fizgo shi ƙasa, ya taso da bugu tun daga dunduniya, nauyin shekara talatin ya sauka a muƙamuƙin Wei Lung.

Ƙarar ta sa takubba tara suka yi kuka. Mai Dutsen ya yi juyi biyu, ya faɗi rigingine, ƙura ta tashi.

Wei Lung ya yunƙura ya durƙusa, ya yaye farin gashinsa, ya miƙa wuya. Ɗaya daga cikin takubban ya tumɓuke da kansa, ya zo ya tsaya a iska daidai hannun Nomau.

"Ka yi nasara, ya jarumi. Ƙarasa aikinka, ka cire wannan kai, a rubuta sunanka a kan dutse."

Nomau ya dubi takobin, ya dubi mutumin da ya cire masa haƙori, ya kuma sace masa tsoho. Zuciyarsa na tafasa, hannunsa na ƙaiƙayi. Amma tun yana ɗan shekara tara, ranar da ya fara naɗi, abu na farko da aka koya masa shi ne, da zarar jikin abokin karawa ya taɓa ƙasa wasa ya ƙare. Wanda ya ƙara bugu a kan wanda ya faɗi, ba a sake yi masa kiɗa, ko jikansa sai an goranta masa. Ya ture takobin da bayan hannu.

"In ƙarasa me? Ai ka taɓa ƙasa, shi ke nan. Mu ba ma dukan na kwance." Ya kama shi ta hammata, ya ɗaga shi tsaye, ya kakkaɓe masa ƙurar riga. "Tashi, ranka ya daɗe. Ka iya wasa. Haƙorina ma ka ci bulus."

Wei Lung ya tsaya yana kallonsa. Sai aka ji wata ƙara daga matakala, tsat, tsat, tsat, tun daga sama har ƙasa. Mutum-mutumin dutsen nan suna tsagewa, mutane na fitowa daga ciki, suna miƙa, suna tari, suna duba hannayensu.

"Jarumai ɗari tara ne," in ji Wei Lung, hawaye na bin fuskarsa. "Kowannensu ya kai ni ƙasa kamar yadda ka kai ni. Kowannensu ya ɗaga makami ya kai sara, ya zama dutse nan take, aka jera shi a matakala, ni kuma na tashi na ci gaba da jira. Hukuncin da aka yanke mini ke nan saboda jinin da na zubar, ba zan sauka daga dutsen nan ba sai wanda ya kayar da ni ya ɗaga ni. Shekara dubu ina neman mutum ɗaya, ashe yana bayan layin mahauta."

Ya haɗa dunƙule da tafi ya sunkuya, jarumai ɗari tara suka sunkuya tare da shi. Nomau bai san yadda ake amsa wannan ba, sai ya ɗaga naɗaɗɗen hannunsa sama kamar yadda yake yi a gida, dutse ya ɗauki sowa.

"Ɗan nan," in ji Baba Korau, yana nuna ƙasa. "Mene ne wancan?"

Daga can cikin kwari wasu manyan fararen haruffa ne suka taso, layi bayan layi, suna hawa sama. Bayansu duniya tana yin baƙi. Dajin gora ya riga ya ɓace, kogi yana ɓacewa. Can nesa a cikin duhun ga wata 'yar farar ƙofa mai kusurwa huɗu, tana ƙanƙancewa.

Wei Lung ya warware hannun rigarsa. "Zan iya jefa mutum ɗaya, amma marar nauyi. Kai ka fi ƙarfin rigata, jarumi."

"Jefa shi," in ji Nomau.

"Ban yarda ba!" in ji tsohon, ya riƙe masa wuyan riga. "Ni na gama cin zamanina. Me zan je in ce wa matarka?"

"Baba, yau dai kai za ka yi shiru."

Ya ɓamɓare yatsun tsohon, hannun farar rigar ya nannaɗe shi, ya wulwula shi sau uku, ya sake. Nomau ya bi shi da ido ɗayan da ya rage har ya ga ya shige farar ƙofar. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ji wani farin ciki da bai taɓa ji a kowane fage ba. Abin da ya zo yi ya yi.

Amma jarumai ɗari tara ba su yarda a tashi haka ba. Wata mai mashi ta kwance ɗamararta, na kusa da ita ya kwance tasa, aka ƙulla, aka ƙulla, kafin layin rubutu uku su wuce an yi majajjawa mai tsawon rabin dutsen. Suka zaunar da Nomau a ciki, ɗari huɗu da hamsin a kowane gefe, Wei Lung na ba da umarni. Suka ja, suka yi nishi, wani ya yi wata magana da yarensu wadda ko ba fassara Nomau ya san a kan ƙibarsa ce. Suka sake shi.

Ya ratsa gajimare, ya wuce ta tsakanin haruffa biyu, ya dunƙule jiki ya faɗa ƙofar tana gab da rufewa. Benci uku ya karya a gidan kallon Tukur. Ƙyalle ya yi fari fat.

Rumfar a cike take maƙil, har bisa katanga, domin waɗanda suka gudu sun dawo da 'yan'uwansu, kuma duk abin nan a kan idonsu aka yi. Aka ɗauki ihu, mahauta na buga wuƙaƙe a jikin kwano, wasu na neman ɗaga Nomau sama suna kasawa. Shi kuwa ture su yake yi yana dube-dube, har ya hango tsohon zaune a ƙasa a jikin bango, lafiya lau, yana haki.

Ya durƙusa a gabansa. Baba Korau ya kama naɗaɗɗen hannun ya ɗora a cinya, ya fara warware zaren da ya jiƙe da jini. Jama'a suka yi tsit, suna jiran kirari. Tsohon ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, sai hawaye.

"Ɗan nan," in ji shi da ƙyar, "shekara goma sha ɗaya ina yi maka ƙarya da kalangu, ina cewa babu kamarka a duniya. Ni kaina ban yarda ba. Yau ga shi da tsufana ka mai da ni mai gaskiya."